Ɗan Haya a Gonar Tela

Gona tara ya noma a rayuwarsa, babu tasa ko ɗaya. Shi ya sa duk unguwar ake ce masa Ɗan Haya, har yaran da aka haifa a kan idonsa. Sunan ba ya ɓata masa rai, ba ya kuma ba shi dariya. In an kira shi sai ya ɗaga kai ya amsa, kamar yadda zai ce "To" in an gaya masa hadari ya haɗo, ko an ce an yi rasuwa a bayan layi. Mutum ne dogo, siriri, mai tafiya a hankali kamar wanda aka aika inda ba ya so.

Ubansa yana da gona, amma ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya. Ranar rabon gado abin da ya faɗo masa wani ɗan tsiri ne, wanda in ka ɗaure akuya a tsakiyarsa sai ta ci shukar maƙwabta biyu ba tare da ta ja igiya ba. Ya sayar wa babban wansu, ya yi aure da abin da ya samu, ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Da ya gaji da noma wa wasu, sai ya fara karɓar haya. Zai biya mai gona tun kafin ruwan farko, ya noma damina ɗaya, abin da ya fito nasa ne. In shekara ta zagayo mai gona ya ga dama ya sake ba shi, in bai ga dama ba ya saɓi fartanyarsa ya yi gaba. Yana kan gona ta uku aka haifa masa tagwaye mata. Daga nan matarsa ta zama Uwar Tagwaye, ita kuma takan ce masa Baban Tagwaye in tana son wani abu, ta ce masa Malam in ranta a ɓace yake.

Haya tana da dokokinta. Ba a rubuce suke ba, amma duk mai noman gonar wani ya haddace su. Ba ka zuba wa gonar haya takin gida, don taki yakan wuce shekara yana aiki, wani ne zai ci ragowar. Ba ka dasa itace. In ka yi girbi ka kwashe kara da harawa da duk abin da wuta ko akuya za ta iya ci, ka bar wa mai gona ƙasarsa fes. In kuwa Allah ya ba ka da yawa, ka ja bakinka ka yi shiru, ka shigar da buhunanka biyu-biyu, duk wanda ya tambaye ka ka ce masa, "An dai samu na rufin asiri." Ɗan Haya bai taɓa karya ko ɗaya ba, har ya yi furfura.

Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, shi ma na haya. A ɗakin ciki, bayan ƙofa, akwai katako uku da aka ɗora a kan bulo, nan ake jera buhunan masara don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Bayan girbi ƙofar ba ta buɗuwa sosai, sai mutum ya karkace ya shiga. Kafin a yi shuka ta fara buɗuwa har bango, kafin sabuwar masara ta nuna katakon ya zama wurin zaman tagwaye. Wata biyu, wani lokaci uku, Uwar Tagwaye kan bi gidaje tana wankau, tukunya ta hau sau ɗaya a yini, yara su tafi makaranta da ruwa a cikinsu. Ba wanda yake kuka a kan haka a gidan. Duk shekara yake zuwa, kuma sun san lokacinsa.

Gona ta takwas ita ce ta Tela.

Tela tsoho ne mai shago a bakin kasuwa. Idonsa ya fara mutuwa, har sai ya kira mai wucewa ya zura masa zare a allura. Gonarsa tana gefen babban titi, ƙasa ce mai gangara da aka noma har ta fita hayyacinta. Ruwa ya wanke samanta ya bar fako, in ka sara fartanya sai ta yi ƙara ta dawo maka. Abin da ke jin daɗinta kawai shi ne ƙuduji, ciyawar nan mai fure ja-ja da ke tsotse hatsi tun daga saiwa. Mutum uku sun karɓe ta sun mayar, na ukun ma bai tsaya yin sallama ba.

"Ka ɗauke ta shekara biyar," in ji Tela, ƙafarsa a kan keken ɗinki. "A farashin bana, ba ƙari. A kira malamin makaranta ya rubuta, ni in dangwala, kai ka dangwala. Na gaji da yi mata talla duk shekara."

Ɗan Haya ya zura wa ƙyallayen da ke zube a ƙasa ido. Shekara biyar a kan fako! Ko ɗan hayan da ya fara jiya ya san ba a ɗaure ƙafa da gonar da ta mutu. Ana taɓa ta ne a ga abin da za ta yi, in wata ta samu a gudu.

"Baba, a bar shi shekara-shekara dai," ya ce.

"Kai ka sani. Ni sauƙi na nema mana."

Ya fito daga shagon yana ganin ya tsallake rami.

A shekarar ce malamar gona ta fara zuwa, wata 'yar gajeruwar mace a kan babur, da hular rana mai faɗi da muryar da ta fi ta girma. Ta tara manoma a harabar makaranta. Ɗan Haya ya je ne don an ce za a raba iri. Ta ce musu kada su yi huɗa, kada su ƙona komai. Su shimfiɗa wa gona kara da ciyawa su rufe ta, su ja igiya su haƙa 'yan ramuka a layi, su riƙa shuka a cikin ramukan nan duk shekara, bana masara, baɗi wake. Ta ce ƙasa ma tana jin rana, kuma duk wanda ya juya ta ya bar ta tsirara ya miƙa wa ruwa da iska abincinsa. Manoma suka saurara da ladabi, suka karɓi irinsu, suka yi godiya, suka tafi suka yi huɗa. Shi kaɗai ya tsaya. Ba wai maganar ce ta shige shi ba. Bayan ya biya Tela babu abin da ya rage masa na ɗaukar shanun huɗa, kuma abin da malamar ta zo da shi shi ne irin noman da aljihunsa zai iya.

Matsalar ita ce gonar Tela ba ta da abin rufa. Sai ya shiga yankar ciyawa a bakin titi da cikin kwalbati yana kai mata. Da hakan bai isa ba ya juya kan tarin karan da Uwar Tagwaye ta jingine a bayan ɗaki don girki.

"Malam," ta ce, tana tsaye a ƙofar kicin, "da me zan dafa? Da yatsuna?"

"Zan samo itace."

"A wace gonar taka?"

Ya ɗaure karan ya ɗora a ka ya fita, ita kuma ta koma tsintar ƙirare a hanyar dawowa daga wankau, ta yi sati ba ta kira shi da kowane suna ba.

Mai Garma, wanda yake yi wa mutanen wajen huɗa da shanunsa biyu, kullum sai ya bi ta titin. Shekara da shekaru shi ke yi wa Ɗan Haya aiki, ga shi bana an hana shi. Yakan tsayar da shanun ya jingina da garma ya yi ta kallo.

"Sannu da hutawa, Ɗan Haya! Mutane na kwashe shara daga gona, kai kana kai mata. In ka gama akwai wani juji a bayan gidana, kyauta."

"Na gode."

"Kai da gonar nan, wa ya koya wa wani lalaci?"

Lalaci kuwa babu shi. Ramukan nan a kan fako sun cinye masa fartanya biyu, tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ciyawa ta taso kamar an yi mata gayya. Girbin farko bai fi na bara ba, sai dai bai kai yadda aka yi wa gonar fata muni ba. Da ya cire masarar, ya sassare karan ya kwantar da shi a inda ya tsiro, ya dawo gida hannu rabbana. Sannan wani aikin ya taso wanda malamar ba ta faɗa ba a taro. Kara a gona da rani dukiya ce a fili. Awakin unguwa suna so, shanun da ke wucewa suna so, mata masu neman abin hura wuta suna so. Dole ya kafa sanduna huɗu ya ɗaura buhu a kai, ya riƙa yini a ƙarƙashi yana gadin gonar da babu ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Direbobin da ke bin titin suka san shi, har suna yi masa hon.

In ka tambaye shi abin da ya sa ya koma wurin Tela shekara ta biyu, ba zai iya gaya maka ba. Ramukan dai an riga an haƙa su, kuma barinsu tamkar ba Mai Garma gaskiya ne. Amma wata rana a daminar, ana tsakiyar zafin azahar, ya ɗaga karan da ya fara ruɓewa don ya cire wata ciyawa, sai ya ji ƙasar da sanyi. Ya tura yatsa, yatsan ya shige. Ya tura hannun duka. Ƙasar ta yi duhu, tana da laima, ga wata tana tana murɗawa. Ya daɗe a tsugune. Wani abu ya motsa masa a ƙirji wanda rabonsa da shi tun ranar da aka ce masa biyu aka haifa. Ya mayar da karan ya rufe wurin, bai gaya wa kowa ba.

Daga ranar ya fara karya doka. Ya riƙa bin bayan shanun Mai Garma da kwando yana tsince kashinsu, yana zuba wa kowane rami tafi guda. Wake ya biyo masara, ƙuduji ya fara ja da baya. Ciyawa ta ragu, don ba ta samun rana a ƙarƙashin karan, har Uwar Tagwaye ta daina kwana da ciwon baya a lokacin noma. Abin da ake ba mai huɗa ya zauna a gida. Girbin shekara ta uku ya kai su har sabuwar masara ta shigo ta tarar da tsohuwa a kan katako, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yi aurensu. Uwar Tagwaye ta bar wankau, fatar hannunta ta dawo. Aka sayi akuya. Tagwaye suka yi kumatu, suka fara faɗa a kan abubuwan banza irin na yaran da suka ƙoshi.

"Baban Tagwaye," ta ce masa wata safiya yana wasa fartanya, "ka koma wa Tela da maganar shekara biyar ɗin nan mana."

Shi ma kullum da maganar yake kwana. Duk shekara in zai je biyan haya yakan tsara yadda zai faɗe ta, in ya isa ƙofar shagon sai ta maƙale. Da wane baki zai roƙi abin da shi da kansa ya ƙi? Ban da kunya ma akwai tsoro. Tela ba ya gani, rabonsa da gonar ya fi shekara shida, a wurinsa har yanzu fako ce. Ranar da ɗan haya ya zo da kansa yana neman shekara biyar, ranar mai gona zai san gonarsa ta tashi.

"Mu bar kaza cikin gashinta," ya ce mata.

A shekara ta huɗu ruwa ya ɗauke sati uku cur, daidai lokacin da masara take shirin goyo. Gonakin gefe da gefe ganyensu ya nannaɗe, ya yi fari, da azahar sai ka ji suna ƙara in iska ta taɓa su. Ta Ɗan Haya ta tsaya kore shar a bakin titi, kamar ana yi mata ban ruwa a ɓoye. Motoci suka fara rage gudu in sun zo wurin.

Malamar gona ta zo da murnarta. Shekara huɗu tana fama da mutanen da suke ce mata "To, Malama" su tafi su yi abin da suka saba, yau ga abin nunawa ya samu. Ta ce ranar girbi za ta kawo shugabanninta da manoma daga wasu yankuna, a kafa allo, a auna amfanin a gaban kowa, shi kuma ya yi musu bayani da bakinsa.

Mai Garma da ya ji, bai yi zolaya ba. Ya bar shanunsa a titi ya tako har cikin gonar.

"Ɗan Haya, ni da kai ba yara ba ne. Tun yaushe ɗan haya ya fara auna hatsinsa a bainar jama'a? Ka ce mata ba ka da lafiya."

Uwar Tagwaye ma ta faɗa, sau ɗaya, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. "Kai ka ce a bar kaza cikin gashinta."

Ya san gaskiyarsu. Amma ya haura hamsin a duniya ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake yin wani abu. Ana aikensa, ana biyansa, ana sallamarsa. Yau mutane za su shigo mota su zo don su ji daga bakinsa. Ya ce wa malamar ta zo da su.

Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka dasa allon ƙarfe a bakin titi da hotonsa a jiki yana riƙe da masara biyu. Aka rataye sikeli, ana ɗora buhu ana faɗar nauyinsa a lasifika ana tafi. Da aka miƙa masa abin magana, muryarsa da ta fito daga can gefe ta ba shi tsoro, har ya waiga. Daga baya bakin ya buɗe. Ya nuna musu ramukan, ya ɗaga kara ya ɗebo ƙasa ya zuba wa wani mai babbar riga a hannu. Samari suna ta ɗauka a waya. Aka ba shi hula da riga mai rubutu a baya. Ya yi farin ciki a ranar, farin ciki sosai, kuma ko daga baya bai taɓa cewa bai yi ba.

Da rani ya ƙare, hadari ya fara leƙowa, ya naɗe kuɗin hayarsa a leda ya nufi shagon Tela. Ya tarar da wani mutum zaune a kan bencin masu jiran ɗinki, mai kama da Tela a goshi. Ɗansa ne da ke aiki a wani kamfani a birni. An rufe kamfanin, ya yi wata takwas yana neman wani aikin, ya dawo da mata da yara uku suka cika gidan tsohon. A waya ya ga hotunan taron, ya gane gonar ubansa da kwalbatin da ke gabanta.

Aka gaisa. Ɗan Haya ya miƙa ledar, Tela bai miƙo hannu ba.

"Mayar da abinka aljihu," in ji tsohon. Ya laluba ya cire tabaransa ya riƙe. "Ka ga ƙaninka ya dawo, ba shi da komai. Ba zan iya jin jikokina suna kukan yunwa ga gona a bakin titi ba. Da ka karɓi tayin da na yi maka, da bana ma taka ce, ko shi bai isa ya ce komai ba. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baba."

"Allah ya san ban so ba."

"To."

Ya tsaya yana jiran ransa ya ɓaci, kamar mai jiran atishawar da ta ƙi zuwa. Babu abin da ya zo. Ya lura bel ɗin keken Tela ya kusa tsinkewa, har ya so ya faɗa masa. Ya yi musu sallama ya fita. A hanya ya tsaya ya kalli wasu mutane suna sauke buhunan siminti daga mota har suka gama.

Uwar Tagwaye ba ta ce "na gaya maka" ba, ko da yake da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta shiga ɗakin ciki ta daɗe. Da ta fito sai ta ɗauki kwanon awon da take ɗibar masarar girki, ta ajiye shi a kan taga, ta ɗauko ƙaraminsa.

Bayan kwana biyu ya je ya sami ɗan Tela a gonar. Ba roƙo ya kai shi ba. Ya zagaya da shi yana nuna masa inda layukan suke, ɓangaren da ya kamata a sa wake bana, da kusurwar da ruwa yake son ya yanka in ba a ƙara mata kara ba. Ya ce masa ba sai ya kashe ko kwabo a huɗa ba, ya buɗe ramukan kawai ya shuka. Mutumin ya saurara da hannu biyu a baya, ba shi da raini ko kaɗan.

"Na ji, Yaya, na kuma gode. Amma ka san ƙasar Baba dama mai kyau ce, hutu kawai take so. Kuma na riga na biya mai tarakta. Wannan dattin dai dole a kawar da shi, kada mutane su ce na dawo daga birni na kasa gyara gonar ubana."

"Ba datti ba ne."

"To, Yaya."

Ranar Laraba aka sa wa karan wuta. Ranar Asabar tarakta ta shiga. Ɗan Haya yana hanyarsa ta neman wata gonar ya tarar da mutane tsaye a titi suna kallo, shi ma ya tsaya. Ƙasar tana juyowa baƙa wuluk tana ƙyalli, balbelu suna bin bayan motar suna tsince abin da ta tono. Wani ya ce, "Kai, ka ga ƙasa kamar hanta!" Kafin azahar an gama. Mai taraktar ya kewaye allon ƙarfen a hankali don kada ya buge shi, ya bar masa ɗan tsibiri na toka a gindi. Ɗan Haya ya ji yunwa, ya tafi gida.

Malamar ce ta yi fushin. Ta zo har ƙofar gida, ko hular ba ta cire ba, idonta ya yi ja. Ta ce za ta rubuta rahoto, ta ce wannan zalunci ne, ta ce me ya sa bai taɓa gaya mata babu takarda ba. Ya ce ba ta tambaya ba. Ya sa tagwaye suka kawo mata ruwa, ya yi ta ba ta haƙuri har ta hau babur ɗinta.

Gona kuwa ba ta yi masa wuyar samu ba. A sati ɗaya mutum uku suka yi sallama da shi, kowanne da fakonsa. Labari ya zaga cewa akwai mai tada matacciyar gona, kuma shi ne ma yake biya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya zaɓi ta mai injin niƙa don ta fi kusa da gida. Wannan karon ya buɗe baki ya ce yana son shekara biyar, a rubuce.

Mai injin ya yi dariya, gari na zuba daga girarsa. "Biyar? Haba, Ɗan Haya, wa ya san gawar fari? Mu fara da ɗaya mu gani."

Ya sayar da akuyar, ya kira Mai Garma ya yi masa huɗa. Mai Garma ya yi aikin tun daga farko har ƙarshe ba zolaya, ya kuma rage masa wani abu a ladan. Damina ta yi kyau a shekarar, gonar ta ba da abin da fako yake bayarwa. Tun kafin a kai girbi Uwar Tagwaye ta koma gaisawa da gidajen da ta saba yi wa wankau, don kada su ɗauki wata.

Ranar kwashe kara duk gidan suka fita. Ya ari amalanke. Shi yana sara, tagwaye suna ɗaurewa, uwarsu tana lodi. Aka kwashe karan, aka tuge tushiya, aka bi da manjagara aka tattara ganye. Mai injin ya leƙo a kan kekensa, ya kalli gonar, ya kalli amalanken, ya ce ai shi ya ɗauka za a bar mata abin nan da ake bar wa gona. Ɗan Haya ya gaishe shi, ya tambaye shi mutanen gida, ya ci gaba da sara.

La'asar ta yi, an ɗaure lodin ƙarshe, sai ɗaya daga cikin tagwayen ta nuna can ƙarshen gonar.

"Baba, ka manta wancan."

Ya waiga. Layi biyu na ƙarshe, waɗanda ya sare shi kaɗai lokacin da suka tafi kai lodin farko, karan yana kwance a kansu a jere, kai da gindi, an gicciye shi ta inda ruwa yake gangarowa, babu inda ƙasa ta leƙo. Bai tuna lokacin da ya yi ba. Hannunsa ne ya yi, yana tunanin wani abu.

Uwar Tagwaye ta kalle shi. "A bar shi mana, ai ba shi da yawa."

Ya ɗan tsaya. Sannan ya zaro manjagara daga kan amalanken, ya taka har can, ya tattara shi duka, har ganyen.